Muhawara: Ko kwalba ɗaya ce, me ya haɗa giya da bakin ruwa?

Malam Nura: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai maganar da nake so mu buɗe, ko da yake na san wasu za su ce ba ta shafe mu ba. Sana'ata koyar da iyo da tsaron masu wanka. Yaron da bai iya ruwa ba bai cika ba ni wahala ba, domin tsoro na riƙe da shi, ba ya wuce inda ƙafarsa ke taɓa ƙasa. Wanda ke hana ni zama shi ne babban mutum, gwanin iyo, da ya ɗan kurɓa kafin ya shigo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2021 kimanin mutum 300,000 ruwa ya ci a duniya, kuma maza sun ninka mata. Hukumar daƙile cututtuka ta Amurka kuma ta ce a cikin matasa da manyan da ke mutuwa wajen wasan ruwa, ana samun hannun giya har zuwa kashi 70 cikin 100. Kowa ya san ba a sha a tuƙa mota. To me ya sa idan aka zo ga ruwa sai a ɗauke shi wasa?

Alhaji Bala: Wa'alaikumus salam. Malam Nura, ni ban ga abin tattaunawa a nan ba. Abin da Allah Ya kira ƙazanta daga aikin Shaiɗan, Ya ce a nisance shi, ko a bakin kogi ko a tsakiyar hamada hukuncinsa ɗaya ne. In muka fara cewa kada a sha kusa da ruwa, yaro zai ji kamar an ce masa ya je nesa da ruwa ya sha.

Anti Rahila: Alhaji, Allah Ya ƙara girma. Zauren nan ya tara mutane iri-iri, kuma ko a cikin waɗanda addininsu ya hana, mun san ana sha. Ni a coci ana yi mana wa'azi a kan buguwa tun ina yarinya, bai hana ni ganin waɗanda ake kawowa asibiti ba. Mai wa'azi ya yi nasa, mu ma mu yi namu.

Sadiq: Ni dai ba na sha, kada a yi mini mummunar fahimta. Amma ina da abokai da ke sha, kuma muna zuwa wanka tare. Mutum ya sha kwalba ɗaya ko biyu, ya shiga ya yi iyonsa lafiya ya fito. Wanda ya yi tatul yana tangaɗi, wannan ko gada bai kamata ya hau ba, balle ruwa. Amma a ce kwalba ɗaya? Malam, ana ƙara wa miya gishiri.

Dakta Hadiza: Sadiq ƙanena, abin da ka faɗa shi ne ainihin inda matsalar take. Kai kana auna buguwa da tangaɗi. Tangaɗi a ƙarshe yake zuwa. Abin da giya ke fara taɓawa shi ne gaban ƙwaƙwalwa, inda mutum ke auna abu ya ce wannan zan iya, wancan ya fi ƙarfina. Tun harshe bai karye ba, tun ƙafa ba ta fara layi ba, ma'aunin nan ya riga ya karkace. Sai mutum ya hango ɗaya gaɓar ya ga kusa take. Sai ya ga tsalle daga kan dutse ba komai ba ne, bai duba zurfin ƙasan ba. Kuma ba zai taɓa jin cewa wani abu ya canza a jikinsa ba, saboda abin da zai ji da shi ɗin shi ne aka taɓa.

Sannan akwai cikin kunne. Akwai wasu 'yan bututu masu ruwa a can ciki, su ke gaya wa mutum ina ne sama ina ne ƙasa. Giya na shiga ta sauya nauyin abin da ke cikinsu, shi ya sa mashayi in ya kwanta yake jin ɗaki na juyawa da shi. A kan tudu ido na gyara wannan kuskure, ƙafa ma na gyarawa. A cikin ruwa mai duhu babu abin da ido zai kama, babu ƙasar da ƙafa za ta taka. Mutum na iya yin iyo da duk ƙarfinsa yana nufin fitowa, alhali ƙasa yake yi ko gefe.

Na uku, maƙogwaro. Mai cikakken hankali in ruwa ya bi masa ta hanyar iska, nan take zai ƙware ya yi tari ya fitar. Giya na rage saurin wannan. Ga shi kuma tana sa amai, amai a cikin ruwa kuwa huhu yake komawa.

Sadiq: To ai abokan nawa sun sha shiga suna fitowa, Dakta.

Malam Nura: Suna fitowa ranar da komai ya tafi daidai. Iyo a ruwan da ke kwance ba wuya. Ranar da jijiyar ƙafa ta ɗaure, ko igiyar ruwa ta bugi fuska daidai lokacin da ya buɗe baki, ko wani ya faɗo masa a ka, ran nan ne ake buƙatar daƙiƙa biyun da giya ta cinye.

Injiniya Kabiru: Bari in ɗan taka birki a kan lissafin nan. Malam Nura ya ce "har zuwa kashi 70". Har zuwa na nufin ƙololuwa, wato wasu binciken sun samu ƙasa da haka sosai. Na biyu, samun giya a jinin wanda ya mutu bai nuna ita ta kashe shi ba. In rabin waɗanda ke bakin ruwa ran hutu sun sha, ai dole ka samu rabin waɗanda suka nutse da giya a jini ko da ba ta yi komai ba. Na uku, gawa in ta kwana a ruwa ta fara ruɓewa, ƙwayoyin cuta da kansu suna samar da sinadarin giya a jiki. Ba kare ta nake ba, amma mu yi magana da hujja.

Dakta Hadiza: Injiniya, duk ukun gaskiya ne, kuma masu binciken gawa sun san na ukun. Shi ya sa ba sa dogara da jini kaɗai in gawa ta jima, sukan ɗebi ruwan cikin ƙwayar ido, domin ruɓewa ba ta saurin kai masa. Na biyun kuma an amsa shi. A 2001 an buga wani bincike da aka yi a jihohin Maryland da North Carolina na Amurka. Ba gawawwaki kaɗai suka auna ba, sun bi ruwa suna tsayar da masu yawo a ƙananan jirage suna auna numfashinsu, sannan suka kwatanta rayayyu da matattu. Abin da suka gani, hatsarin mutuwa na fara hawa tun daga ɗan ƙanƙanin abin da ko ɗan sanda ba zai kama mutum a kansa ba, yana ta hawa, har a kan wanda ya yi mankas ya ninka fiye da sau 50. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a ciki shi ne, hatsarin fasinja da na matuƙi duk ɗaya ne.

Injiniya Kabiru: Fasinja kuma? Shi da ke zaune abinsa?

Baba Ɗanjuma: Salamu alaikum. Ɗana ne ke rubuta mini, ni faɗa nake. Tun ina saurayi nake fito da kwale-kwale, yanzu ga furfura. Injiniya, ai matsalar ke nan, ba ya zama. Mai giya a ciki ba ya zama wuri ɗaya. Ka ce masa zauna a tsakiya, zai ce to, kafin ka juya ya koma baki ya sa hannu yana wasa da ruwa. Can sai fitsari ya matse shi, don abin nan yana sa fitsari. Sai ya miƙe tsaye a bakin jirgi, hannu biyu duk suna wajen wando, babu wanda ya riƙe komai da shi. Jirgi ya ɗan girgiza kaɗan, shi ke nan. Ba ihu, ba komai, ƙara ɗaya za ka ji kamar an jefa buhu. In dare ne, kafin ka juyo da jirgin ruwa ya ja shi daga inda ya faɗa, kai kana haska nan shi yana can.

Kuma ba kansa kaɗai yake jawo wa ba. Ƙaramin jirgi in mutum ɗaya ya miƙe ya karkata, sauran sai su firgita su ruga ɗaya gefen, sai a kife gaba ɗaya da mata da yara. Ni in na ji warin abin a bakin mutum ba na ɗaukarsa. An zage ni a kan haka, an ce ni ba malami ba ne. Na ce ni ba wa'azi nake ba, jirgina ne.

Anti Rahila: Baba, Allah Ya ja kwana. Wannan maganar ta fitsari ba a jirgi kaɗai ba ce. A Amsterdam, birnin da magudanan ruwa suka ratsa ko'ina, sananniyar hanya ce da maza ke faɗawa da daddare bayan sun tashi daga mashaya.

Malam Nura: Wannan ya kawo mu inda mutane ba sa tunani. Da yawa daga waɗanda ruwa ke ci ba su fito da niyyar shiga ruwa ba sam. A Birtaniya akwai shekarun da irin waɗannan suka kusa kai rabin waɗanda suka nutse bisa tsautsayi. A garin Durham na Ingila, tsakanin 2013 da 2015 ɗaliban jami'a uku aka tsamo daga kogin Wear, duk bayan fitar dare. Tafiya gida kawai suke ta hanyar bakin kogi. Ka duba yadda mutum yake a wannan hali: da takalmi, da wando mai kauri, da riga a sama, ga duhu, ga gaɓar da aka gina da siminti ta miƙe sak babu abin kamawa. Ko gwanin duniya ne sai ya ji jiki, balle wanda kansa ke juyawa.

Yakubu: Ina da tambaya, kada a yi mini dariya. Na ji masu aikin dare a kan ruwa suna cewa suna ɗan kurɓa ne don ta ɗumama jiki. Kuma ko a ƙasashen sanyi haka ake cewa. Wannan fa?

Dakta Hadiza: Ba abin dariya ba ne Yakubu, tsohuwar magana ce da ta kashe mutane da yawa. Jiki in ya ji sanyi yakan tsuke jijiyoyin jinin fata, ya tara jini mai ɗumi a ciki wajen zuciya da huhu. Giya sai ta buɗe jijiyoyin nan. Jini mai ɗumi ya fito fata, mutum ya ji ɗumi har fuska, alhali zafin cikinsa ne ke fita. Tana kuma rage karkarwa, wadda ita ce hanyar da jiki ke ƙera zafi. Ruwa kuwa yana janye zafin jiki kusan sau 25 fiye da iska. Ba sai ruwan ƙanƙara ba, ko ruwan da za ka ce da daɗin wanka, in mutum ya daɗe a ciki da dare zai sanyaya shi, hannuwa su mutu ya kasa kama igiyar da aka jefa masa.

In ruwan mai sanyi ne sosai, ƙasa da digiri 15, akwai abin da ke zuwa tun kafin wannan. Da faɗawa mutum zai ja numfashi da ƙarfi ba da sonsa ba. In kansa na ƙarƙashin ruwa a lokacin, ruwa ya ja. Abin da ake koyarwa shi ne ka kwanta rigingine, ka buɗe hannu da ƙafa, ka jira minti ɗaya ko biyu numfashi ya daidaita kafin ka fara iyo. Wannan sai da natsuwa. Wa zai tuna da shi da giya a ka?

Maman Ilham: Tun ɗazu nake karantawa ina rubutawa ina gogewa. Alhaji Bala, Baba, da kai nake so in yi magana, don abin da ka faɗa shi muka yi a gidanmu. Ɗan yayata, ba wanda ya taɓa zama da shi a kan wannan, domin a wurinmu yaronmu ba ya sha, magana ta ƙare. Ashe yana sha. Kuma da yake a ɓoye yake yi, ba zai je inda mutane suke ba. Shi da abokansa sai su nemi inda ba kowa, inda ba haske, bakin wata madatsar ruwa bayan magariba. Ranar da abin ya faru su huɗu ne. Ya shiga bai fito ba. Abokan nan, maimakon su yi kururuwa, sai suka tsaya tattara kwalabe suna jefawa cikin ciyawa. Ɗaya ya ɗauke wayarsa da takalminsa. Suka watse kowa ya tafi gida ya kwanta. Akwai masunta ba nisa, da an yi ihu da sun ji. Sai washegari da rana ɗaya ya kasa jurewa ya gaya wa uwarsa.

Ba na cewa da sun kira mutane da lallai ya rayu, Allah ne Masani. Amma yaran nan sun fi tsoron a ce sun sha giya fiye da tsoron abokinsu ya mutu, kuma mu manya mu muka koya musu wannan lissafin.

Anti Rahila: Allah Ya ba ku haƙuri, Maman Ilham.

Sadiq: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya jiƙansa, Anti.

Alhaji Bala: Allah Ya gafarta masa, Ya ba ku dangana, 'yata. Maganarki ta shige ni. Amma ina nan a kan cewa tushen abin shi ne shan, kuma ba zan iya buɗe baki in koya wa ɗana yadda zai yi saɓo cikin aminci ba. Abin da zan iya, kuma zan yi, shi ne in gaya masa: ko a wane hali kake, ko me kuka aikata, in rai na cikin hatsari ka yi ihu, ka kira ni, faɗa ya biyo baya. Wanda ya ceci rai ɗaya kamar ya ceci mutane duka ne, wannan ma a cikin surar da ta haramta giyar yake.

Yakubu: To Alhaji, hadisin da ya lissafa wanda ruwa ya ci a cikin shahidai fa, ya haɗa da wanda ya shiga a buge?

Shugaban Zaure: Yakubu, wannan ka kai wa malamai, ba a nan za a yanke ba, kuma akwai mai jimami a cikinmu. Mu koma kan magana.

Malam Nura: Abin da Maman Ilham ta faɗa ya tuna mini wani abu. Ko da abokan sun tsaya, ba lallai su gane yana nutsewa ba. Mutane na jiran su ga ana ɗaga hannu ana ihu. Wanda ke nutsewa da gaske ba shi da iskar da zai yi ihu da ita. Tsaye yake a cikin ruwa, kai a ɗage baya, baki na fitowa yana komawa, hannuwa na danna ruwa a gefe kamar mai son hawa katanga, ƙafa ba ta bugawa. Daƙiƙa 20 zuwa 60 ake yi a haka, sai ya tafi. Na taɓa tsamo wani a wurin ninƙaya ana tsakiyar biki, kiɗa na tashi, abokinsa na tsaye a bakin ruwa da kofi a hannu yana kallonsa yana dariya, yana ce masa ya daina wasa. Tsakaninsu bai fi tsawon hannu biyu ba. In duk taron sun sha, to babu mai gani ke nan.

Injiniya Kabiru: To a ce na gani, ni da ban iya iyo sosai ba. Me zan yi?

Malam Nura: Kada ka shiga. Ko ka iya ma, shiga ita ce ta ƙarshe. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama, kuma in kai ne ka zo kusa, kanka zai hau. Haka ake tsamo gawa biyu maimakon ɗaya. Ka fara da ihu don mutane su zo, ka sa wani ya kira masu agajin gaggawa. Ka miƙa masa sanda, ko reshe, ko rigarka, amma ka kwanta rub da ciki a gaɓa don kada ya jawo ka. In ya yi nisa, ka jefa masa duk abin da ke yawo a kan ruwa: jarka da murfinta a rufe, ko ƙwallo. In ya nutse, ka riƙe wurin da idonka, ka daidaita shi da wata bishiya ko dutse a ɗaya gaɓar don ka nuna wa masu nema. In kai ma ka sha, aikinka ihu da jifa, iyakarsa ke nan.

Dakta Hadiza: In an fito da shi kuma, don Allah a daina danna masa ciki ko a ɗaga shi ƙafa sama wai ruwa ya zubo. Abin da ke fitowa daga tumbi yake, ba daga huhu ba, kuma yana iya komawa ya toshe hanyar iska. Ga ɓata lokaci, alhali ƙwaƙwalwa na fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 babu iska. A kwantar da shi rigingine a kan abu mai tauri, a ɗaga haɓarsa, a duba ko yana numfashi. In ba ya yi, wanda ya nutse iska ya rasa, don haka da hura masa numfashi ake farawa. A Turai sau 5 ake koyarwa. Daga nan a danna tsakiyar ƙirji sau 30, a hura sau 2, a yi ta maimaitawa, dannawa 100 zuwa 120 a minti, har taimako ya zo. In yana numfashi, a juya shi a kan gefensa, musamman mai giya a ciki, don amai na nan tafe. A cire jiƙaƙƙun kaya a lulluɓe shi. Kuma ko ya tashi ya ce lafiyarsa ƙalau, in dai ya shaƙi ruwa yana tari, a kai shi asibiti, huhu na iya rikicewa bayan wasu awanni. Ku gaya wa likita gaskiyar abin da ya sha. Mu ba kotu ba ne, maganin da za mu ba shi ne ya dogara da hakan.

Anti Rahila: Ƙari a kan na Dakta: in tsalle ya yi ya buga kai a ƙasa, a kula da wuyansa, kada a finciko shi ana jijjigawa. Na yi jinyar samari da suka shiga ruwa da ka a inda bai kai ƙugu ba, laka ta taɓu, daga wuya zuwa ƙasa babu abin da ke motsi.

Maman Ilham: Ni kuma abin da nake so iyaye su ji, ba sai mai shan ne zai nutse ba. Babba ya sha, an bar masa yara ya duba, barci ya ɗauke shi a kujera.

Dakta Hadiza: Haka ne. Yara 'yan ƙasa da shekara 5 su ne kusan kashi ɗaya cikin huɗu na duk waɗanda ruwa ke ci a duniya, kuma ƙaramin yaro bokiti ya ishe shi. Babba ma ba sai kogi ba. Mawaƙiyar nan 'yar ƙasar Ireland, Dolores O'Riordan, a bahon wanka ta nutse a wani otal a Landan a watan Janairun 2018, tana da shekara 46, kuma binciken hukuma ya ce maye ne sanadi. Barci ke ɗaukar mutum a ruwan ɗumi, ya zame, abin da ya kamata ya farkar da shi kuma giya ta kwantar da shi.

Kada kuma wani ya ce shi ba ya shan giya don haka ya tsira. Tramadol, kodin, maganin barci, wiwi, duk aikinsu ɗaya a nan. Tramadol ma yana iya jawo farfaɗiya, a cikin ruwa kuwa ba sai na ƙarasa ba. In aka haɗa tramadol, kodin ko maganin barci da giya, numfashin kansa suke dannewa.

Sadiq: To in mutum ya sha da daddare ya yi barci, da safe ai ya warware ko? Ko ya sha kofi mai ƙarfi ya watsa ruwan sanyi.

Injiniya Kabiru: Wannan lissafi ne, bari in yi. Hanta ce ke ƙone giya, kuma tafiyarta ɗaya, kusan 0.015 take ragewa a ma'aunin giyar da ke cikin jini duk awa. A ce mutum ya kwanta sha biyun dare yana kan 0.15. Zuwa shida na safe an rage 0.09, saura 0.06. A yawancin jihohin Amurka iyakar da doka ta sa wa mai tuƙa jirgin ruwa 0.08 ce, daidai da ta mota, ka ga da kaɗan ya sauko ƙasanta, ga rashin barci ga ƙishirwa. Kofi ba ya ƙara wa hanta sauri, ido kawai yake buɗewa.

Dakta Hadiza: Injiniya ya dawo ɓangarenmu ke nan.

Injiniya Kabiru: Ban bar ɓangarena ba, Dakta. Har yanzu ina cewa a daina yawo da kashi 70 ɗin nan kamar ko'ina haka yake. Fiye da kashi 90 na masu nutsewa a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi suke, kuma a can yara ne da ambaliya da jirage masu lodi fiye da kima suka fi yawa. Kada giya ta rufe mana ido daga waɗannan.

Malam Nura: Ban musa ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ma da ta ware 25 ga Yuli a 2021 don yaƙi da nutsewa, yara ta fi sa wa ido. Sai dai ambaliya ba a hannun Sadiq take ba, abokansa kuwa ranar hutu mai zuwa zai gan su.

Sadiq: To shi ne tambayata ta gaskiya, Malam. Mutum ya sha, ya cire riga, ya ce sai ya haye. In ka hana shi sai ya ce ka raina shi, sauran kuma suna zuga shi. Ya zan yi da shi?

Malam Nura: Kada ka ce masa ba zai iya ba, wannan ita ce kalmar da ke tura shi. Kuma kada ka yi gardamar a gaban mutane, don a lokacin ba da ruwa yake yi ba, da idon jama'a yake yi. Ka ja shi gefe da wata magana, ka ce ya raka ka wani wuri, ka ce gobe da safe za ku haye tare. Masu zugar su za ka fi yi wa magana, in mutum biyu suka ce a bari, yawanci ana bari. Mafi sauƙi duka shi ne tun kafin a buɗe kwalba: a yi wankan tukuna, a fito, a sa kaya, a bar bakin ruwan. In an tashi tafiya kuma kada a bar kowa ya bi hanyar gaɓa shi kaɗai, ko da ta fi kusa.

Baba Ɗanjuma: Kuma a jirgi a sa rigar kariya tun daga tudu. In an faɗa ruwa ba a iya sa ta.

Yakubu: Baba, rigar nan tana aiki ga wanda ya suma? In ya kife da fuska a ruwa ai ba amfani.

Malam Nura: Ya danganta da irinta, Yakubu. Ka duba lambar da ke jikinta. Mai lamba 50 ta masu wasan ruwa ce da suka iya iyo, tana taimaka maka ka yi yawo a sama amma ba ta juya ka. Mai lamba 150, wadda ke da abin tallafe ƙeya, an yi ta ne don ta juyo da wanda ya suma fuskarsa sama. Sai dai dole a ɗaure ta tam, har da igiyar da ke bi ta tsakanin cinyoyi in tana da ita, in ba haka ba da an faɗa ruwa za ta haye ta fice ta kai. Gwajinta, ka sa wani ya kama kafaɗun rigar ya ja sama. In ta kai kunnuwanka, ta yi maka yawa ko ba ka ɗaure ba.

Yakubu: Ta yara fa, ana iya sa musu ta manya a ƙulle?

Malam Nura: A'a, yaro zamewa yake ta ƙasa. Tasu da nauyin jiki ake saye, an rubuta kilo nawa zuwa nawa a cikin wuyan rigar.